Yarima Heinrich na Prussia

Albert Wilhelm Heinrich, wanda aka fi sani da Yarima Heinrich na Prussia (an haife shi ranar 14 ga Agusta, 1862, ya mutu ranar 20 ga Afrilu, 1929), ɗan sarautar Jamus ne, babban hafsan sojan ruwa, kuma ɗaya daga cikin mutanen farko da suka raya harkar mota a ƙasar Jamus. Shi ne ƙanin Wilhelm na Biyu, sarki na ƙarshe da ya mulki daular Jamus. Aikinsa na ainihi soja ne, amma an fi tunawa da shi saboda gasar motoci da aka yi da sunansa daga 1908 zuwa 1911, da shugabancin ƙungiyar masu motoci da ke taimaka wa soja, da kuma abin share gilashin mota da ya yi wa rajista a 1908. Gasarsa ta sa kamfanoni suka mayar da hankali kan motar da za ta ɗauki mutane ta yi doguwar tafiya ba ta lalace ba, a lokacin da akasarin gasa ta gudu ce zalla.

Asali da karatu

Heinrich ɗan gidan sarautar Hohenzollern ne, gidan da ya mulki Prussia, wadda ita ce mafi girma a cikin masarautun da suka haɗu suka zama daular Jamus a 1871. Mahaifinsa shi ne Yarima Friedrich Wilhelm mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki Friedrich na Uku. Mahaifiyarsa Victoria ita ce 'yar fari ta Sarauniya Victoria ta Ingila. Shi ne na uku a cikin 'ya'yansu, kuma na biyu a maza. Ya tashi yana jin Jamusanci da Turanci, kuma ya shaƙu da dangin mahaifiyarsa na Ingila tun yana ƙarami.

Ya yi karatu a garin Kassel tare da wansa Wilhelm. Tun da ba shi ne magajin sarauta ba, sai aka zaɓa masa aikin sojan ruwa, ya shiga a 1877. Daga 1878 zuwa 1880 ya zagaya duniya a cikin jirgin yaƙi mai suna Prinz Adalbert a matsayin ɗalibin hafsa, inda ya biya ta Kudancin Amurka ya kuma daɗe a Japan. A jirgin ruwa ne ya saba da inji da aikin hannu, abin da ba a cika gani a wurin 'ya'yan sarakunan zamaninsa ba.

Iyali

A ranar 24 ga Mayu, 1888 ya auri Gimbiya Irene ta Hesse a fadar Charlottenburg. Auren zumunci ne, domin Irene 'yar Alice ce, ƙanwar mahaifiyarsa. An yi bikin mahaifinsa yana fama da cutar dajin maƙogwaro, kuma ya mutu makonni uku bayan haka, ranar 15 ga Yuni, bayan mulkin kwana 99 kacal. Daga nan Wilhelm ya hau gadon sarauta.

Sun haifi 'ya'ya maza uku: Waldemar a 1889, Sigismund a 1896, da Heinrich ƙarami a 1900. Irene tana ɗauke da cutar rashin daskarewar jini wadda ta bi zuriyar Sarauniya Victoria. Mata ne ke ɗaukar cutar su ba 'ya'yansu maza, kuma mai ita in ya ji rauni jini ba ya tsayawa da wuri. Biyu daga cikin yaran sun gaje ta. Heinrich ƙarami ya faɗi ya bugu a ka, ya mutu a 1904 yana ɗan shekara huɗu. Waldemar ya rayu har 1945, ya mutu a Bavaria a kwanakin ƙarshe na Yaƙin Duniya na Biyu saboda ba a samu jinin da za a ƙara masa ba. Sigismund ya koma Amurka ta Tsakiya, ya mutu a Costa Rica a 1978.

Iyalin sun zauna a fadar Kiel, garin da ke da babbar tashar sojan ruwa, sannan suna da gandu a Hemmelmark kusa da Eckernförde a arewacin Jamus.

Aikin sojan ruwa

Heinrich ya riƙe jiragen yaƙi daban-daban kafin a ba shi runduna. Bayan Jamus ta ƙwace yankin Kiautschou na ƙasar Sin a Nuwamban 1897, an tura shi can da ƙarin jirage. A 1898 an karɓe shi a fadar Beijing, ya gana da Sarki Guangxu da kuma Cixi, uwar sarauta mai riƙe da iko. A 1899 ya zama kwamandan rundunar Jamus ta Gabashin Asiya, ya dawo gida a 1900.

A 1902 wansa ya aike shi Amurka. Ya halarci bikin saka jirgin shaƙatawa na sarki mai suna Meteor cikin ruwa a New York, ya gana da Shugaba Theodore Roosevelt, kuma Jami'ar Harvard ta ba shi digirin girmamawa. Jaridun Amurka sun yabe shi saboda sauƙin kai, halin da ya bambanta shi da wansa mai yawan fankama a jawabi.

Daga 1906 zuwa 1909 shi ne kwamandan babbar rundunar jiragen yaƙin Jamus. A 1909 aka ɗaga shi zuwa muƙami mafi girma a sojan ruwa, aka naɗa shi babban sufeton rundunar. Muƙamin na daraja ne fiye da na iko, domin tsara rundunar yana hannun Admiral Alfred von Tirpitz, wanda ba su cika jituwa ba. Wannan ya ba shi sararin mayar da hankali kan mota da jirgin sama.

Halin da mota ke ciki a lokacin

Carl Benz ya yi wa motarsa ta farko rajista a Janairun 1886, amma bayan shekara goma sha biyar mota a Jamus tana nan a matsayin kayan masu kuɗi. Faransa ta sha gaban Jamus a yawan motoci da masu saye. Akasarin hanyoyin wajen gari ba kwalta, an yi su ne don keken doki. Mota tana tayar da ƙura, tana firgita dawaki, tana take kaji da karnuka, don haka manoma da yawa suka tsane ta, har akan jefi masu wucewa da duwatsu. Taya tana yawan fashewa, kuma mai mota yakan yi tafiya da makaniki a gefensa. Shi kansa sarki da farko bai damu da mota ba.

A 1899 aka kafa ƙungiyar masu motoci ta Deutscher Automobil-Club a Berlin, wadda Victor, basaraken Ratibor, ya shugabanta. Ita ce ta shirya gasar kofin Gordon Bennett a tsaunukan Taunus kusa da Bad Homburg a Yunin 1904, inda sarki ya halarta, Léon Théry na Faransa kuma ya yi nasara. A ƙarshen 1905 sarki ya karɓi zama uban ƙungiyar, aka sake mata suna Kaiserlicher Automobil-Club, wato ƙungiyar motoci ta sarki. Bayan faɗuwar sarauta ta koma Automobilclub von Deutschland, sunan da take amsawa har yau.

Heinrich na cikin 'yan gidan sarauta na farko da suka rungumi mota. Yana tuƙa kansa maimakon ya zauna a baya direba ya ja shi, kuma an san shi da buɗe inji yana gyara da hannunsa. Ya fi hawa motocin Benz. Ganin ƙanin sarki a bayan sitiyari ya rage wa mota baƙin jini a wurin hukuma da manyan ƙasa, ya kuma ba kamfanoni irin su Benz da Opel da Daimler tallar da kuɗi ba zai saya musu ba.

Ƙungiyar masu motoci 'yan sa kai

A 1905 aka kafa wata ƙungiya daga cikin masu motoci, mai suna Freiwilliges Automobil-Korps, kuma Heinrich ne shugabanta. A lokacin sojan Jamus ba su da motoci da yawa. 'Yan ƙungiyar sun yi alkawarin kawo motocinsu da kansu a lokacin atisaye da lokacin yaƙi, su ɗauki manyan hafsoshi da saƙonni tsakanin runduna da runduna. An ba su kaki na musamman. Masu masana'antu da attajirai sun yi rububin shiga, domin hanya ce ta kusantar fada. Ita kuwa rundunar soja ta samu damar gwada amfanin mota ba tare da ta kashe kuɗi mai yawa ba. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 an kira 'yan ƙungiyar aiki.

Abin share gilashin mota

Motocin farko ba su da gilashin gaba, direba yakan sa tabarau ne don kare idonsa daga iska da ƙura. Da aka fara sa gilashi sai wata matsala ta taso: in ana ruwa direba ba ya ganin hanya, sai ya tsaya ya goge ko ya kwantar da gilashin ruwa ya dake shi. A watan Maris na 1908 Heinrich ya samu takardar mallakar ƙirƙira ta Jamus a kan wani abin share gilashi da direba ke motsawa da hannu yana zaune. Shi ne kakan abin da direbobi da makanikai ke kira waifa a yau.

Ba shi ne ya fara wannan tunani a duniya ba. Mary Anderson ta Amurka ta yi wa nata rajista tun 1903. Na Heinrich dai yana cikin na farko a Jamus. Wanda ke aiki da lantarki ya zo daga baya, kamfanin Bosch ya fara sayar da nasa a 1926.

Gasar Yarima Heinrich

Manyan gasannin farkon ƙarni na 20 na gudu ne, kuma motocin da ake ƙerawa dominsu manya-manyan injina ne da kujera biyu, ba su da amfani ga mai son zuwa wani gari da iyalinsa. Mai zane Hubert von Herkomer ya kawo wata gasa ta daban daga 1905 zuwa 1907, wadda ake auna jimirin motocin tafiya. Heinrich ya shiga ta 1906 da motar Benz. Da aka gama wannan jerin, sai ya sa nasa kofin, wanda siffar mota ce aka ƙera da azurfa, ƙungiyar motoci ta sarki kuma ta ɗauki nauyin shiryawa. Aka sa wa gasar suna Prinz-Heinrich-Fahrt, wato tafiyar Yarima Heinrich.

Dokar gasar ta tanadi cewa motar ta zama ta tafiya mai kujeru huɗu, ta ɗauki mutane, har da mai sa ido da ke rubuta duk tsayawar da aka yi don gyara. Kowace matsala tana jawo ragin maki. A wasu wurare ana ware yanki don auna gudu, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ko a hawan dutse, ana kuma la'akari da girman inji wajen lissafi. Saboda haka mai ƙaramin inji yana iya doke mai babba in motarsa ta fi inganci.

Ta farko an yi ta a Yunin 1908. Motoci sama da 120 suka tashi daga Berlin, suka bi ta Stettin, Kiel, Hamburg, Hannover, Cologne da Trier zuwa Frankfurt, tafiyar kimanin kilomita 2,200. Fritz Erle ya yi nasara da motar Benz. A 1909 hanyar ta fita wajen Jamus, daga Berlin ta bi Breslau, Budapest, Vienna da Salzburg zuwa Munich, kuma Wilhelm Opel ya ci da motar kamfanin gidansu.

Ta 1910 ce ta fi shahara. An tashi daga Berlin aka bi ta Kassel, Nuremberg, Strasbourg da Metz zuwa Bad Homburg. Ferdinand Porsche, wanda a lokacin shi ne babban injiniyan kamfanin Austro-Daimler na Austria, ya tuƙa motar da ya zana da kansa ya zo na ɗaya, motocin kamfanin kuma suka kwashe na biyu da na uku. An tsuke jikin motar don ta yanka iska, gudunta ya kai kusan kilomita 140 a awa. Kamfanin Vauxhall na Ingila ma ya kawo motoci uku da injiniya Laurence Pomeroy ya tsara. Ba su ci kofi ba, amma daga 1911 kamfanin ya fara sayar da irinsu da sunan Prince Henry. Masana tarihin mota da yawa suna lissafa ta a cikin motocin wasanni na farko a Ingila.

A nan gasar ta ci karo da manufarta. Kamfanoni sun gano cewa maki yana wurin gudu, sai suka riƙa ƙera motoci na musamman waɗanda kujerun bayansu na cika doka ne kawai. Abin da aka shirya don motar iyali ya haifar da wani sabon nau'i, mota mai gudu da za a iya hawa a titi. Duk da haka, gwajin kwanaki a kan hanyoyi marasa kyau ya tilasta gyara birki, taya, da tsarin sanyaya inji, kuma wannan ya amfani motocin da ake sayar wa jama'a. A daidai wannan lokaci Jamus ta yi dokar zirga-zirgar motoci ta ƙasa baki ɗaya a 1909, wadda ta kawo lasin tuƙi iri ɗaya a duk faɗin daular.

Tafiyar 1911 zuwa Ingila

A 1911 Heinrich ya canza tsarin gaba ɗaya. Ya cire gwajin gudu, ya mayar da ita tafiyar sada zumunci tsakanin ƙungiyar motoci ta Jamus da Royal Automobile Club ta Ingila, don taya ɗan kawunsa Sarki George na Biyar murnar naɗin sarauta da aka yi ranar 22 ga Yuni. A watan Yuli aka tashi daga Bad Homburg, aka loda motocin a jirgin ruwa daga Bremerhaven zuwa Southampton, aka yi arewa har Edinburgh, sannan aka dawo Landan. Kowace motar Jamus ta ɗauki hafsan Birtaniya a matsayin mai sa ido, kowace motar Birtaniya kuma ta ɗauki hafsan Jamus. Heinrich ya tuƙa tasa motar da kansa. Ƙungiyar Ingila ce ta yi nasara.

Lokacin bai yi wa manufar daɗi ba. Ranar 1 ga Yuli, kwanaki kaɗan kafin a tashi, jirgin yaƙin Jamus mai suna Panther ya isa Agadir a Maroko, abin da ya jawo rikici da Faransa da Birtaniya har aka fara maganar yaƙi. An sasanta a Nuwamba, inda Faransa ta ba Jamus wani yanki na Kongo aka haɗa shi da Kamaru, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Jamus. Marubuci Arthur Conan Doyle, mai labaran Sherlock Holmes, yana cikin direbobin Ingila a tafiyar, kuma ya dawo da yaƙinin cewa hafsoshin Jamus suna shirin yaƙi. Ba a sake yin gasar ba bayan wannan shekara.

Jirgin sama da jirgin ruwa

A 1910, yana da shekara 48, Heinrich ya koyi tuƙin jirgin sama a wurin August Euler kusa da Darmstadt, ya samu lasin mai lamba 38 a Jamus. A shekarar ce kuma ya bi tawagar Ferdinand von Zeppelin zuwa tsibirin Spitsbergen don duba ko za a iya amfani da balan-balan mai inji wajen binciken yankin ƙanƙara na arewa. Ya matsa wa sojan ruwa su ɗauki jirgin sama da muhimmanci, kuma an yi gasar jirage da sunansa a 1913 da 1914. Shi ne kuma uban ƙungiyar masu jiragen ruwa na filafili da hafsoshi suka kafa a Kiel a 1887. Har yau a arewacin Jamus akwai wata hula mai baki a gaba da ake kira da sunansa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

A ƙarshen Yulin 1914 Heinrich yana Ingila. Ranar 26 ga wata ya gana da Sarki George a Landan, ya koma ya shaida wa wansa cewa Birtaniya za ta yi ƙoƙarin kauce wa yaƙin. Wilhelm ya ba wannan rahoto nauyi fiye da kima, alhali a Birtaniya gwamnati da majalisa ne ke yanke irin wannan hukunci. Ranar 4 ga Agusta Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus.

An naɗa Heinrich babban kwamandan sojan ruwa a Tekun Baltic. Jiragen da aka ba shi tsofaffi ne akasari, domin sababbin suna Tekun Arewa suna fuskantar Birtaniya. Duk da haka ya tsare gaɓar Jamus daga rundunar Rasha, ya kuma kare hanyar da ake kawo tama daga Sweden. An rushe muƙaminsa a farkon 1918 bayan Rasha ta fita daga yaƙin. A Yulin shekarar aka kashe 'yan'uwan matarsa biyu a Rasha, Sarauniya Alexandra da Gimbiya Elisabeth.

A farkon Nuwamban 1918 sojojin ruwa suka yi bore a Kiel, boren da ya bazu ya kifar da sarauta. Ranar 5 ga wata Heinrich ya fice daga garin da iyalinsa a cikin motarsa, an ɗaura mata jar tuta irin ta masu bore don a bar su su wuce. Ranar 9 aka sanar da saukar Wilhelm, washegari ya tsere zuwa Holland.

Ƙarshen rayuwa

Heinrich bai bar Jamus ba. Ya zauna a Hemmelmark ba muƙami, bai yarda da sabuwar jamhuriya ba, amma bai shiga siyasa ba. Ya ci gaba da tuƙin mota da jirgin ruwa, yana kuma zuwa gasar jirage marasa inji a tsaunukan Rhön. Ya mutu ranar 20 ga Afrilu, 1929 yana da shekara 66, sakamakon cutar dajin maƙogwaro irin wadda ta kashe mahaifinsa. An binne shi a hubbaren iyali a Hemmelmark. Irene ta rayu a can har 1953.

Motocin Austro-Daimler, Benz da Vauxhall masu ɗauke da sunansa suna cikin tsofaffin motocin da gidajen tarihi da masu tara kayan tarihi suka fi nema, kuma ana lissafa gasarsa a cikin tushen tseren motoci na dogon zango da ake yi a titunan jama'a.